Siffa ɗaya, daɓen da ba ya maimaita kansa: me masana lissafi suka gano?

A watan Maris na 2023 labari ya bazu a kafafen yaɗa labarai cewa an warware wata matsalar lissafi da ta shafe fiye da shekara 50 tana gagarar masana. Wani mutumin Ingila mai suna David Smith, wanda ya yi ritaya daga aikin ɗab'i, ya gano wata siffa mai gefe 13 da za a iya jerawa a rufe fili komai faɗinsa, babu giɓi, babu hawan juna, kuma zanen da take fitarwa ba ya taɓa maimaita kansa. Jaridu sun yi ta kiranta "einstein", har wasu suka zaci aikin Albert Einstein ne, alhali sunan daga Jamusanci yake, ma'anarsa dutse ɗaya.

Tambayar da mutane da dama suka yi tana da ma'ana. Duk wanda ya taɓa ganin tsakar gidan da aka daɓe da fasassun tayil ya ga zanen da ba ya maimaituwa. To mene ne sabo a nan, har manyan jami'o'i suka shirya taro a kai? Amsar tana buƙatar a fara daga tushe.

## Me ake nufi da shimfiɗar siffofi

Abin da masana lissafi ke nazari a wannan fanni shi ne yadda siffofi ke haɗuwa su rufe shimfiɗaɗɗen fili. Sharuɗɗan uku ne: kada a bar giɓi, kada wata siffa ta hau kan wata, kuma jeren ya iya ci gaba ta kowace fuska ba iyaka. Sharaɗi na uku shi ya bambanta lissafi da aikin gini. Ɗaki yana da bango, kuma idan an kai bango sai a yanka tayil. Filin masana lissafi ba shi da bango, ba a kuma yarda a yanka komai ba.

Akwai shimfiɗa mai maimaituwa. Hanyar gane ta mai sauƙi ce: a ɗora takarda mai shara-shara a kwafe zanen, sannan a ja takardar gefe ba tare da an juya ta ba. Idan akwai inda za ta sake faɗawa daidai kan zanen ƙasa, layi kan layi, to zanen mai maimaituwa ne. Jerin bulo a bango haka yake. Zanen atamfa ma haka, domin na'urar da ke buga shi tana dawo da zane ɗaya ne a kai a kai.

Daɓen fasassun tayil ba ya maimaituwa, gaskiya ne, amma dalili shi ne kowane ɓallen da nasa fasali. Ko da tayil murabba'i, mai gefe huɗu daidai wa daida, ana iya hana zane maimaituwa: a riƙa gusar da kowane layi da wani awo dabam. Sai dai wannan zaɓin mai aiki ne, idan ya ga dama gobe ya jera su yadda aka saba. Abin da masana suka daɗe suna nema shi ne siffar da ba ta ba mai aiki zaɓi ba, wadda duk yadda aka jera ta, muddin ta rufe fili, zanen ba zai maimaitu ba. Rashin maimaituwar a jikin siffar yake, ba a hannun mai jerawa ba.

## Hukuncin yana a kusurwa

Duk inda kusurwoyin tayil suka haɗu a ɗigo ɗaya, dole jimillarsu ta zama digiri 360, wato zagaye cikakke. Idan ta gaza, giɓi ya fito. Idan ta wuce, an hau juna. Wannan ƙa'ida ɗaya ta isa ta raba siffofi masu yawa gida biyu.

A ɗauki siffofin da gefunansu suke da tsawo ɗaya, kusurwoyinsu kuma girma ɗaya. Alwatika tana da digiri 60 a kowace kusurwa, shida sun ba da 360. Murabba'i yana da 90, huɗu sun cika. Mai gefe shida yana da 120, uku sun cika. Mai gefe biyar kuwa yana da 108: uku sun ba da 324, saura giɓin digiri 36, huɗu kuma sun kai 432, sun yi yawa. Daga mai gefe bakwai zuwa sama kowace kusurwa ta haura 120, don haka uku sun yi yawa, biyu ba su isa ba. Ke nan a cikin wannan dangi, siffa uku kacal ke iya rufe fili ita kaɗai, kuma babu wata ta huɗu da za a gano nan gaba.

Giɓin nan na digiri 36 bai zama asara ba. Idan aka tilasta masa ya rufe, filin sai ya lanƙwashe, ya bar shimfiɗa ya koma dunƙule. Shi ya sa ƙwallon ƙafa mai baƙi da fari, irin wadda aka buga a gasar cin kofin duniya ta 1970 a Meziko, take da fata 12 masu gefe biyar da 20 masu gefe shida. Da duka masu gefe shida ne, da ba ta dunƙule ba.

Idan aka yarda a gauraya siffofi, amma kowane ɗigon haɗuwa ya kasance da tsari iri ɗaya, ana samun ƙarin hanyoyi takwas. Wadda aka fi gani a daɓen gidaje da masallatai ita ce masu gefe takwas guda biyu da ƙaramin murabba'i: 135 da 135 da 90, sun ba da 360. Masanin taurari Bajamushe Johannes Kepler ya zayyana waɗannan tsare-tsare tun a 1619.

Wani abin da ke ba mutane mamaki shi ne kowace alwatika, komai karkacewarta, tana rufe fili. Haka kowace siffa mai gefe huɗu, ko da babu gefe biyu da suka yi daidai. Dalilin shi ne kusurwoyi huɗun nata jimillarsu 360 ce, don haka idan aka tara kwafi huɗu, kowanne ya kawo kusurwa dabam zuwa ɗigo ɗaya, zagayen ya cika.

## Mai gefe biyar: shekara 99 ana ƙirga

Idan aka saki sharaɗin daidaiton gefuna, wasu masu gefe biyar suna rufe fili. Tambayar ita ce iri nawa ne, a cikin waɗanda babu inda suka lotsa ciki. Karl Reinhardt na Jamus ya kawo iri biyar a 1918. Shi ne kuma ya nuna cewa masu gefe shida iri uku ne, kuma daga gefe bakwai zuwa sama babu ko ɗaya. A 1968 Richard Kershner na Amurka ya ƙara uku, ya ce lissafin ya cika.

Bai cika ba. A 1975 marubuci Martin Gardner ya yi bayanin matsalar a mujallar Scientific American, sai wani mai karatu, Richard James, ya aiko da iri na tara. Marjorie Rice, matar aure mai 'ya'ya biyar a San Diego wadda ba ta yi karatun lissafi a jami'a ba, ta ga labarin a mujallar ɗanta. Ta ƙirƙiro nata alamomin rubutu don bin diddigin yadda kusurwoyi ke haɗuwa, ta riƙa aiki a gida, kuma zuwa 1977 ta gano iri huɗu da ƙwararru suka tsallake. Rolf Stein ya kawo na 14 a 1985. Na 15 sai a 2015, lokacin da Casey Mann da Jennifer McLoud-Mann da ɗalibinsu David Von Derau suka nemo shi da kwamfuta a Jami'ar Washington.

A 2017 Michaël Rao na Faransa ya rage dukkan yiwuwar zuwa rukuni 371, ya sa kwamfuta ta bi su ɗaya bayan ɗaya, ya sanar cewa 15 ɗin nan su ke nan. A nan masana sun kasu. Wasu sun karɓi hujjar, musamman bayan masanin lissafi Thomas Hales ya sake gudanar da wani ɓangare nata da kansa ya samu sakamako ɗaya. Wasu kuma suna ganin hujjar da ɗan Adam ba zai iya karantawa daga farko zuwa ƙarshe ba tana buƙatar a tantance manhajar da ta samar da ita. Tarihin matsalar yana goyon bayan taka-tsantsan ɗinsu, tun da an taɓa cewa an gama, ashe saura bakwai.

## Saƙar zuma

Hales ɗin nan shi ne ya rufe wata tsohuwar tambaya a 1999. Tun zamanin Pappus na Iskandariyya, wajen ƙarni na huɗu, ake cewa ƙudan zuma yana gina ɗakunansa masu gefe shida ne saboda sun fi tsimin kaki. A lissafce, ɗaki mai faɗin murabba'in awo ɗaya yana buƙatar bango mai tsawon 4.56 idan alwatika ne, 4 idan murabba'i ne, 3.72 idan mai gefe shida ne. Abin da ya yi wuya shi ne a tabbatar cewa babu wani tsari, ko da mai lanƙwasassun bangaye ne, da ya fi wannan tsimi, kuma shi Hales ya tabbatar. Yadda ƙudan yake kaiwa ga wannan fasali kuwa har yanzu ana muhawara: wasu masu bincike sun ce ɗakunan suna farawa ne a zagaye sannan kakin ya miƙe saboda ɗumi da matsin juna, wasu sun ce ƙudan ne ke sassaƙa bangon da kansa.

## Maginan ƙasashen Musulmi da lamba biyar

A 1891 masanin ma'adinai na Rasha Evgraf Fedorov ya tabbatar cewa duk zanen da ke maimaituwa a shimfiɗaɗɗen fili yana faɗawa cikin ɗaya daga tsari 17, idan aka duba yadda ake iya ja, juyawa ko kifa shi ya dawo kan kansa. Daga cikin abin da wannan ya ƙunsa: zane mai maimaituwa yana iya dawowa kan kansa sau 2, 3, 4 ko 6 a juyi cikakke, amma ba sau 5 ba, ba kuma sau 10 ba.

Ɗaruruwan shekaru kafin Fedorov, maginan Andalus da Maroko da Iran sun riga sun cika bangaye da irin waɗannan zane-zane. Fadar Alhambra a Granada ta ƙasar Sifen ita ce misalin da aka fi ambata. Akan ce dukkan tsari 17 suna jikinta, amma masana irin su Branko Grünbaum sun ƙirga ƙasa da haka, kuma saɓanin ya ta'allaƙa ne kan ko za a yi la'akari da launi da yadda layuka ke saƙuwa. A birnin Fas har yau masu aikin zallij suna sassaƙa gasasshen yumɓu da guduma mai kaifi, su jera gutsattsarin a kife a ƙasa, sannan su zuba kwaɓi ta baya, sai an ɗaga a ga zanen. Mai zanen Holan M. C. Escher ya ziyarci Alhambra a 1922 da 1936, daga nan ya ɗauko hanyar da ya yi suna da ita ta mayar da siffofin shimfiɗa tsuntsaye da kifaye.

Ba a makance maginan suke aiki ba. Abul Wafa al-Buzjani, masanin lissafi da ya rayu a Bagadaza a ƙarni na 10, ya rubuta littafi musamman don masu sana'a, inda ya ba da labarin zama da ake yi tsakanin magina da masana. A ɗaya daga cikin zaman an tattauna yadda za a yanka murabba'i uku a haɗa su su zama babban murabba'i ɗaya, ya nuna cewa hanyar da maginan suka saba tana gamsar da ido amma ba ta cika daidai ba, sannan ya kawo ingantacciya.

Abin da ya fi jan hankalin masana na yau shi ne yawan taurari masu tsini biyar da goma a gine-ginen Iran da Asiya ta Tsakiya, wato lambobin da Fedorov ya nuna ba sa jituwa da maimaituwa. A 2007 Peter Lu da Paul Steinhardt suka wallafa bincike a mujallar Science, suka ce tun wajen shekara ta 1200 maginan suna amfani da wasu siffofi biyar da aka zana layuka a kansu, waɗanda idan an jera su layukan ke haɗuwa su fitar da zanen girih, wato saƙaƙƙen zanen layuka da taurari. Suka ƙara da cewa a hubbaren Darb-i Imam da ke Isfahan, wanda aka gina a 1453, an yi zane hawa biyu, babba da ƙarami a cikinsa, ta hanyar da in an ci gaba da ita za ta ba da shimfiɗa marar maimaituwa. Kafin su, Emil Makovicky ya yi irin wannan nazari a 1992 kan wata hasumiya ta ƙarni na 12 a Maragha ta Iran.

Masu suka sun ce abin da ke jikin bango yanki ne mai iyaka, kuma ana iya ɗaukarsa a matsayin ɓangaren babban zane mai maimaituwa. Sun kuma ce babu wani rubutu da ya nuna maginan suna neman rashin maimaituwa da gangan. Abin da ɓangarorin biyu suka yarda a kai shi ne maginan sun mallaki dabarar raba babbar siffa zuwa ƙananan irinta, kuma wannan dabara ita ce ƙashin bayan duk abin da ya biyo baya. Cewa sun san ƙa'idar lissafin da ke ƙarƙashinta, wannan magana ce da hujjar da ke hannu ba ta kai gare ta ba.

## Daga siffa 20,426 zuwa biyu

Neman shimfiɗa marar maimaituwa a lissafin zamani ya faro ne daga wata tambaya ta dabam. A 1961 Hao Wang, masanin mantiƙi ɗan asalin Sin, ya tambaya ko akwai hanyar da na'ura za ta bi, a ba ta kowane tarin siffofi, ta faɗi ko za su rufe fili. Ya lura cewa idan duk tarin da ke rufe fili yana iya yin haka da maimaituwa, to hanyar tana nan, kuma ya yi hasashen haka ne. Ɗalibinsa Robert Berger ya rushe hasashen a aikin da aka wallafa a 1966. Ya tabbatar cewa babu irin wannan hanya, ya kuma gina tarin siffofi 20,426 da ke rufe fili amma ba sa taɓa maimaituwa.

Daga nan aka shiga tseren ragewa. Berger da kansa ya sauko zuwa 104. Raphael Robinson ya kai shida a 1971. A tsakiyar shekarun 1970 Roger Penrose na Jami'ar Oxford ya kai biyu. Ɗaya daga cikin tsarinsa karkatattun murabba'ai biyu ne, mai kauri da kusurwoyi 72 da 108, da siriri mai 36 da 144, an yi wa gefunansu tsaga da tudu don kada su haɗu sai ta hanyar da aka ƙayyade. Giɓin digiri 36 da mai gefe biyar ya bari ya samu abin da zai cike shi.

Akwai hujja mai sauƙin fahimta kan dalilin da zanen Penrose ba ya maimaituwa. Da yana maimaituwa, da akwai wani yanki da ake ta kwafa, mai ɗauke da adadi sananne na masu kauri da sirara, don haka rabonsu zai zama lamba kan lamba, kamar 8 kan 5. Amma idan filin ya yi ta faɗaɗa, rabon yana kusantar 1.618 da ɗoriya, lambar da ba a iya rubuta ta a matsayin lamba kan lamba ko kaɗan.

Ba a daɗe ba abin ya fito daga takarda. Ranar 8 ga Afrilu 1982 Dan Shechtman na Isra'ila, yana aiki a wata cibiyar gwamnati a Amurka, ya duba gaurayen alminiyam da manganis a na'ura, ya ga ƙwayoyin zarrarsa sun jeru da tsari mai fuska goma, abin da littattafan karatu suka ce ba zai yiwu ba. An nemi ya bar rukunin bincikensa. Linus Pauling, mai lambar Nobel biyu, ya dage har ƙarshen rayuwarsa a 1994 cewa kiristal ne na yau da kullum, wato abubuwan da ƙwayoyin zarrarsu ke jere da maimaituwa, da suka manne da juna suka ruɗi ido. Matsayin Pauling yana da tushe, domin irin wannan mannewa tana faruwa, amma da aka samu samfura masu tsabta sai hujja ta koma wajen Shechtman. A 1992 ƙungiyar masana kiristal ta duniya ta sauya ma'anar kiristal ɗin kanta, kuma a 2011 aka ba Shechtman lambar Nobel ta sinadarai.

## Malafa

Bayan Penrose tambaya ɗaya ta rage: daga biyu, za a iya saukowa ɗaya? A 2010 Joan Taylor ta Tasmaniya da Joshua Socolar sun kawo wata siffa da ta kusa, sai dai ko dai a bi ƙa'idar zanen da ke kanta, ko kuma ta zama gutsattsari da ba su haɗe da juna ba.

A Nuwamban 2022 Smith, mazaunin Bridlington a gabashin Yorkshire, yana gwada siffofi a wata manhaja kamar yadda ya saba. Idan aka ɗauki mai gefe shida aka ja layi daga tsakiyarsa zuwa tsakiyar kowane gefe, zai rabu gida shida daidai. Smith ya haɗa irin waɗannan yankuna takwas, ya samu siffa mai gefe 13 da aka yi wa laƙabi da malafa saboda fasalinta. Ya yanka kwafinta a kwali ya yi ta jerawa a tebur. Ba ta cije ba, ba ta kuma faɗa cikin wani tsari mai maimaituwa ba. Sai ya tuntuɓi Craig Kaplan na Jami'ar Waterloo a Kanada, daga baya Joseph Myers da Chaim Goodman-Strauss suka shigo.

Me ya sa jerawa a tebur ba ta isa hujja ba? Domin akwai siffofi masu yaudara. Wata za a kewaye ta da irinta zagaye ɗaya, biyu, uku, sannan ta cije, a rasa yadda za a ci gaba. Heinrich Heesch ne ya fara nazarin wannan, kuma an samu siffar da ke kai zagaye shida kafin ta tsaya. Wata kuma tana iya maimaituwa amma sai bayan yanki mai girman da tebur ba zai ɗauka ba.

Hujjar da mutum huɗun suka kawo ta nuna cewa duk yadda aka jera malafa, dole su taru cikin ƙungiyoyi iri huɗu. Waɗannan ƙungiyoyi su ma dole su taru cikin manyan ƙungiyoyi iri huɗu masu irin wannan tsari, kamar yadda gidaje ke haɗuwa su zama unguwa, unguwanni su zama gari, sai dai a nan hawan ba ya ƙarewa, kuma hanyar tarawar ɗaya ce tak a kowane hawa. Idan da akwai tazarar da za a ja zanen ya faɗa kan kansa, dole ta dace da ƙungiyoyin kowane hawa, har da waɗanda suka ninka tazarar girma sau dubu, kuma hakan ba ya yiwuwa. Kwamfuta ta taimaka wajen bin hanyoyin da malafa ke iya maƙwabtaka, sannan Myers ya kawo hujja ta biyu ta wata hanya dabam. Smith ya kuma gano siffa ta biyu da ake kira kunkuru, daga nan aka fahimci cewa dangi ne guda marar iyaka, ana samunsu ta hanyar sauya tsawon gefuna.

## Gardamar kifawa

Murna ba ta hana ƙorafi ba. Malafa ba ta rufe fili sai an kifa wasu daga cikinta, kusan ɗaya cikin takwas. Masu ƙorafi suka ce siffa da kifaffiyarta abu biyu ne, domin babu yadda za a juya ɗaya a kan tebur ta zama ɗayar. Masu kare ta suka ce a al'adar lissafi siffa da hotonta na madubi abu ɗaya ne, kuma da wannan ma'auni aka ƙirga masu gefe biyar ɗin nan 15. Kowane ɓangare yana da gaskiya bisa ma'aunin da ya ɗauka. Ga mai kamfanin tayil kuwa maganar a fili take: tayil fuska ɗaya ke da sheƙi, don haka malafa tana buƙatar mazubi biyu.

Gardamar ba ta yi nisa ba. A watan Mayun 2023 mutum huɗun suka sanar da wata 'yar dangin, mai gefe 14 masu tsawo ɗaya. Idan aka bar gefunanta a miƙe kuma aka yarda da kifawa, tana iya maimaituwa. Amma da aka lanƙwasa gefunan ta yadda kifaffiya ba za ta shiga ba, sai ta rufe fili da fuska ɗaya, ba maimaituwa. Ita ake kira fatalwa. Tambayar Wang dai, idan aka taƙaita ta ga siffa guda ɗaya, tana cikin waɗanda masu binciken suka ce ba a amsa ba tukuna.

## Abin da ya shafi mai gida da mai sana'a

Ba a sa ran malafa ko fatalwa su kori tayil murabba'i daga kasuwa. Jera su yana buƙatar taswira, domin mai aiki yana iya sa guda a wurin da ta shiga daidai, sai can gaba ya tarar da ramin da babu abin da zai cike shi. Yankan bakin bango ma zai yi yawa. Inda ake duba amfaninsu shi ne ƙera kayan da ake so ƙarfinsu ya zama ɗaya ta kowace fuska, kuma wannan bincike ne da yake matakin farko. Abin da Shechtman ya gano ya riga ya shiga masana'anta, misali a wani nau'in ƙarfe mai tauri da ake yin reza da alluran tiyatar ido da shi. Tsarin masu gefe shida kuwa shi injiniyoyi ke amfani da shi a takarda wajen raba gari tsakanin turakun sadarwar waya.

Ga ɗalibin sakandare, ƙa'idar kusurwoyin cikin siffa da ake haddacewa don jarrabawar WAEC da NECO ita ce dai wadda ta raba mai gefe biyar da mai gefe shida a sama. Kwali da almakashi sun isa malami ya nuna ta a aji.

Ga mai shimfiɗa intalok, yadda aka jera yana da tasiri ko da siffar ɗaya ce. Idan aka jera dogayen duwatsu layi-layi, akwai doguwar tsaga da tayar mota za ta riƙa turawa har su buɗe. Idan aka jera su a saƙe, ɗaya a tsaye ɗaya a kwance, babu tsagar da ta miƙe, kowane dutse yana tokare da maƙwabtansa, shi ya sa injiniyoyi suka fi ba da shawarar wannan a inda motoci ke bi. Dalili ɗaya ne ya sa magini ke ɗora bulo a tsakiyar biyun da ke ƙasa.

Inda lissafin ya fi taɓa aljihu shi ne sayen tayil. Ɗakin da ake kira sha biyu sha biyu ƙafa 12 ne kowane gefe, wato kusan santimita 366, alhali tayil da santimita ake yin sa. A ɗauki mai 60 da 60, a ajiye batun 'yar tazarar da ake bari tsakani. Idan aka fara daga kusurwar ɗaki, shida za su ci santimita 360, saura 6. Ana buƙatar cikakku 36, sai siraran yanka a bango biyu waɗanda tayil biyu za su wadatar, jimilla 38. Amma siririn yanka ba ya da kyan gani kuma yana saurin karyewa, don haka ƙwararren mai sa tayil yakan daidaita daga tsakiya: cikakku biyar a layi, da yankan santimita 33 a kowane bango. A haka cikakku 25 ne, na bakin bango 20, na kusurwa 4. Ragowar kowane yanka santimita 27 ce, ba ta isa ta cike wani gurbin 33 ba, don haka kowane gurbi sai ya ci sabon tayil, jimilla 49. Idan kwali yana ɗauke da huɗu, tsari na farko kwali 10 ne, na biyu 13, a ɗaki ɗaya. Wani ɓangare na saɓanin da ake samu tsakanin mai gida da mai aiki kan cewa kaya sun ƙare da wuri daga nan yake tasowa, kuma ana kauce masa idan aka yi shawarar tsarin jerawa kafin a je kasuwa, aka kuma amince tun farko cewa ragowar yankan za ta tafi a sikatin na gindin bango.